Doki Na Takwas

Litinin, 8 ga Afrilu
Na baro birnin Nukus na dawo ƙauye jinyar Baba. Shanyewar jiki ta ƙwace masa yarenmu na Karakalpanci kaf, ko sunana, Ayjamal, ba ya fitowa. Kundin digirina kan yaren Pecheneg yana nan a jaka. Shekara huɗu ina wahala a kan yaren da ya mutu ya bar mana 'yan kalmomi, mafi yawa sunayen ƙabilu takwas, kowacce da launin dokinta.

Alhamis, 11
Bayan la'asar Baba ya fuskanci yamma ya kira wani suna. Shayi ya zube min a cinya. Sunan ƙabilar farko ta Pecheneg ne! Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kiwo, ina ya ji?

Juma'a, 12
Wani doki a bakin shinge. Ba na kowa ba ne. Ko ciyawa bai kalla ba.

Talata, 16
Kullum suna ɗaya, kullum doki ɗaya. Biyar yanzu. Malamina Seytniyaz ya saurari muryar Baba da na naɗa. Wai mu samu takwas ɗin daga bakin mai rai, a daina gardamar ko yaren Pecheneg dangin harsunan Oguz ne ko na Kipcak. Ko jikin Baba bai tambaya ba. Nima da rana tsaka na kama kaina ina ɗokin la'asar. Kunya.

Alhamis, 18
Dawakai bakwai, kowanne da launinsa, har da akawal, kili da gunya, duk sun jeru suna kallon taga. Baba ya rame kamar tsinke.

Asabar, 20
Suna na takwas ya ɓace masa. Bakinsa ya buɗe da yarenmu, sau ɗaya: "'Yata, kin san shi. Sun gaji da jirana."
Na ce ban sani ba. Ƙarya, yana kundina, shafi na arba'in.

Talata, 23
Kwana uku Baba ba ci ba sha, sai hawaye. Ina tsoro. In na faɗa, ya tafi.

Laraba, 24
Na kashe na'urar naɗar murya tukuna, sannan na raɗa masa sunan.
Dokin ya zo da jela a yanke, yadda muke yi wa dokin mamaci.

Lahadi, 28
An kai Baba makwancinsa. Na ce wa Seytniyaz Baba bai tuna na takwas ba.
Dawakai bakwai sun tafi, ɗaya ya tsaya. Ɗazu ina wanke kofuna na ji ana kiran awaki da wasu kalmomi irin na Pecheneg da babu su a kundina. Muryar kamar tawa. Gajiya ce, ina jin.