Izininka Muke Jira, Yaya Hadi

Zandam, ta Gwaram.

Zuwa ga yayana Hadi, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙani ga wansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka da ƙoshin lafiya, Ya kuma yi wa nemanka albarka. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, amma tana fita tsakar gida. Gero ya shigo, dawa ma ta kusa. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda karatuna ya tsaya. Na kira ka sau biyu, da na ambaci allurar rigakafi sai ka kashe waya. Shi ya sa na ba Maikuɗi direba wannan, don takarda ba a kashe ta.

Yaya, 'yarka Khairiyya tana asibiti a Birnin Kudu. Mashaƙo ne, ciwon nan da ya shigo garuruwanmu. Da zazzaɓi ta fara, sai haɗiya ta gagare ta. Inna ta ce beli ne, aka kira wanzami ya cire, kamar yadda aka yi mana muna yara. A ranar ba ita kaɗai ya yi wa ba, daga gidanmu ya wuce wasu gidaje da askarsa. Ban ga laifinsa ba, abin da ya gada ke nan. Amma wuyanta sai ya kumbura, wani farin abu ya rufe maƙogwaro, numfashinta yana fita da ƙara kamar ana jan zarto. Ni na ɗauke ta a babur, uwarta Sa'adiyya ta riƙe ta a baya. Yanzu an keɓe ta, ta taga muke ganinta. Idan ta hango ni sai ta ɗaga hannu, magana ba ta fita.

Ni ba likita ba ne, amma ina da ido. Ka san 'ya'yan Hajjo maƙwabciyarmu, da su Khairiyya take wuni, moɗa ɗaya suke shan ruwa, kwano ɗaya suke sa hannu. Hajjo ta kai nata an yi musu allurar cinya tun suna goye, har muna yi mata dariya a lokacin. To, ƙaramin ne kawai ya ɗan yi zazzaɓi, ya miƙe. A layin masallaci kuwa, inda kusan kowa ya ƙi, ciwon gida gida yake bi, mun kai yara makwanci har na daina son jin sallama da sassafe. Na je Basirka kai kaya, na tambaya a unguwar da suka karɓi allura da yawa, aka ce ciwon ya shiga gida ɗaya ya tsaya nan. Sai na tuna yadda muke share gefen gona kafin a sa wa daji wuta. Wutar tana zuwa, amma in ta iso fili sai ta rasa abin ci. Gidanmu, Yaya, busasshiyar ciyawa ce.

Ga abin da ya sa na rubuto. Masu allura sun sauka a garin nan, kuma an ce bayan kasuwa mai zuwa za su wuce gaba. Sauran 'ya'yanka, Ahmad da Kubra, har yanzu lafiyarsu ƙalau. Na ce wa Sa'adiyya mu kai su, sai ta fashe da kuka, ta ce ranar da za ka tafi ka faɗa mata in ta bari aka soka wa 'ya'yanka allura ba da izininka ba, a bakin aurenta. Ta ce in gaya mata wanne za ta zaɓa, 'ya'yanta ko ɗakinta. Na je wurin liman, ya ce tunda ka ce ba da izininka ba, to izinin naka shi ne mabuɗi, ba wanda zai ba da shi sai kai. Inna ma da bakinta ta ce in roƙe ka, ta ce ta ga abin da ya ishe ta.

Na san ba ƙiyayya ce ta sa ka ba, tsoron abin da ake faɗa ne, kuma kowa ya ji. Amma abin da ake faɗa ban gan shi ba, wannan kuwa na ɗauke shi a bayan babur ɗina. An ce rigakafi ya fi magani, ban san nauyin maganar ba sai a bakin tagar nan. Ba sai ka yi magana da ni ba in ranka a ɓace yake. Ka kira Sa'adiyya, ka ce ka yarda. Shi ke nan.

Kullum da safe ina sa Ahmad da Kubra su buɗe baki, in haska da fitilar waya. Su suna ɗauka wasa ne, har rige-rige suke yi. Yau ban ga fari ba. Gobe ban sani ba.

Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka. Bappa da Jummai suna gaisuwa. Ka gaishe min da Khuzaima da duk 'yan garinmu da ke tare da kai. Wayar Sa'adiyya tana hannunta, na cika mata caji.

Ƙaninka,
Yunusa.