A Dawo da Lamba Tara Bomo

Daga ofishin Babban Darakta mai sa ido kan 'yan wasan aro na Arewa baki ɗaya
Zuwa ga Koci Lanre, Ƙungiyar Layin Dogo, Sabon Gari

Bayan gaisuwa da fatan alheri, da tambayar lafiyar iyali da ta shago, sai magana.

Ni ne Alhaji Dokta Injiniya Maikano. Ba kasafai nake rubuta wa ƙananan ƙungiyoyi takarda da kaina ba, sakatarorina ke yi, amma yau duk sun tafi ɗaurin aure.

Rahoto ya iso teburina cewa tun farkon damina Malam Gregory, kocin Taurarin Bomo da ke Samaru, ya ba ka aron ɗan wasan gabansa, Japheth, mai lamba tara, wai don ya goge. Masu bincikenmu sun ce gogewa kam an samu, amma a wandonsa, saboda zaman benci. Sun ce ledar ruwa yake ɗauka, kuma ya rame.

Mun yi nazari tun daga Turai har Funtuwa, ba mu ga yaron da aro ya gyara ba. Yaron nan a Bomo ya tashi, a filin bayan rafi, mai turakun darbejiya, inda ake tsayar da wasa in shanu za su wuce. An shaida wa ofishinmu cewa akwai suri a kusurwar gabas wanda 'yan gida kaɗai suka san yadda ƙwallo ke dawowa in ta buge shi. A nan Japheth yake cin biyu kafin la'asar, ya ƙara ɗaya bayan an idar. Mai ba shi ƙwallon kuwa wani Hambali ne, lamba takwas, wanda ofishinmu ke ganin babu kamarsa a ƙasar Zazzau, ga kyau ga ladabi.

To an sayar da filin, ɗakunan ɗalibai za a gina. Ranar Asabar za a buga wasan ƙarshe a kansa. Umarnina shi ne ka mayar da Japheth gida kafin ranar. In ka ƙi, za mu cire Layin Dogo daga gasar matasa, mu kuma ƙwace usur ɗinka.

Ka ba direban bas da ya kawo wannan takarda amsarka, ma'aikacinmu ne na sirri.

Wassalam,
Babban Darakta

*

Zuwa ga Babban Darakta

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da girmamawa. Allah ya ƙara girma.

Takardarku ta same ni a shago a unguwar PZ, na karanta ta a tsaye. A Sabon Gari aka haife ni, a nan na yi furfura ina horar da yara, ban taɓa samun takarda daga ofishi irin naku ba. Ina roƙo ku ji ta bakina.

Gaskiya ne Japheth ya sha benci. Ranar da ya zo atisaye na ga yaro mai ƙafa, amma bai san satar gida ba. A Bomo ba su da mai tuta. Sai ya je kusa da gola ya tsaya, hannu a ƙugu, yana jiran a kawo masa. In ƙwallo ta kuɓuce ba ya komawa baya. Ƙafar hagu kuwa ta hawa bas ce kawai. Yarana suka sa masa suna Mai Gadi. Ya yi fushi, na ce ya zauna kusa da ni ya riƙa kallon layin 'yan baya, ba ƙwallo ba.

Ranka ya daɗe, da za ku gan shi yanzu. Yana tashi daidai lokacin da ya kamata, yana kwasar ƙwallo a ƙafar mutum, kuma makon jiya ya ci da hagu har gola ya zauna yana dariya. Ramar da aka gaya muku gudu ne. Na riga na shirya ranar Asabar shi zai fara mana wasa, karo na farko, da lamba tara.

Amma ba zan jefa sauran yaran cikin matsala saboda mutum ɗaya ba. Zan bi umarni. Sai dai ku sani, a dokar gasarmu wanda aka cire sunansa ba ya dawowa sai baɗi. Ranar Juma'a zan je wurin masu shirya gasa in cire shi. Na gaya masa. Ya ninke rigar ya miƙo mini.

Naku mai biyayya,
Lanre

*

Koci Lanre,

Mun gaishe ka, mun ji, mun yafe. Ofishinmu na son mai ladabi. Maganar ci da hagu kuwa, sai mun gani da idonmu, don mun san ƙafar nan tun tana yawo ba takalmi. In zai taho ka haɗo shi da tsire, na bincike ne.

Babban Darakta

*

Hambali,

Ina gaishe ka, ka gaida Inna da su Malam Gregory. Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. In na ji muryarka dariya za ka sa ni, abin kuwa ba na dariya ba ne.

Wani babban mutum ya rubuto wa Koci a mayar da ni Bomo. Ban san shi ba, ban san abin da na yi masa ba. Koci ya ce har yabonka ya yi, daga nan na gane mutumin bai san ƙwallo ba.

Na ji labarin filin. Da aka gaya mini ina cikin shagon Koci ina jera kaya, sai da na fita waje. Ka tuna ranar da ka ɗaura wa akuyar mai filin rigar gola, ka ce ta fi golanmu Raphael kamu? Ka tuna azumi, ku ba ruwa, ni ma in ƙi sha a gabanku, sai an kira magariba Inna ta aiko da kunu a raba da ni? Ranar Lahadi kuma ka zauna a kan katangar coci kana yi mini alama da ido ta taga wai wa'azin ya yi tsawo. A nan ba mai yi mini haka. Ana gama atisaye kowa ya kama gabansa, rabin zolayarsu ma da Turancin kasuwa ne, kafin in harhaɗa amsa an wuce wurin.

Amma Hambali, zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Ba na son dawowa yanzu. A Bomo na ɗauka ni gwani ne, ashe kai ne kake ɗora mini ita a ƙafa, ni dai in taɓa. A nan ba wanda ya san inda nake son ta, dole na koyi nemanta. Watannin farko kullum sai na yi niyyar hawa bas in gudo. Da na gudo, da har yau ni Mai Gadi ne. Ban ce aro yana gyara kowa ba. Kosi da muka zo tare ya bar ƙwallo gaba ɗaya, yana gyaran waya. Ni dai ya yi mini, kuma ranar Asabar ce zan nuna.

Ina son filin nan kamar yadda kake son shi. Da wata rana ce daban, da ƙafa ma zan zo. Kada ka gaya wa yara na ce haka, za su ce na zama ɗan Sabon Gari. In an tilasta ni zan zo in buga, ba za ka ga komai a fuskata ba. Kai kaɗai na gaya wa.

Ka sa malaminku ya yi mini addu'a, ni ma na gaya wa Fasto. Ko Allah zai juya zuciyar mutumin nan.

Abokinka,
Japheth

*

Baba Lanre,

Ina gaisuwa, a durƙushe. Don Allah kada ku je wurin masu gasa gobe. Kada ku cire sunansa.

Babu Darakta. Babu ofis, babu sakatarori. Wani ɗalibi da ke haya a gidanmu ya buga mini takardun, hatimin kuma da tsohon silifa na sassaƙa shi. Direban bas ƙanin Inna ne. Ni ko aji ɗaya na boko ban yi ba, allo na yi, rubutun nan ma a waya na koya.

Na ɗauka kuna wulaƙanta shi ne a benci, in na dawo da shi zai gode mini. Gaskiya kuma ba don shi kaɗai na yi ba. Tun da ya tafi, in na ɗaga kai da ƙwallo a ƙafata ba na ganin kowa, kuma na so mu rufe filin nan tare. Jiya ya rubuto mini yana neman addu'a a kan mugun mutumin da ya sa a kore shi. Na karanta, na rasa wanda zan kai wa ƙara.

Ku mayar masa da rigarsa. Duk hukuncin da kuka yanke mini na ɗauka, ko sharar shago ce, ko ɗaukar ruwa har gasar ta ƙare. Malam Gregory bai san komai ba, ni zan gaya masa da bakina. Tsiren ma na yafe.

Alfarma ɗaya nake nema. Ku ce masa an yi wa Darakta canjin wurin aiki, kada ku faɗi sunana sai an tashi wasa. Na san shi. In ya ji yau, bas zai hau ya zo Bomo ya dake ni, in kuwa ya ga filin ba zai iya komawa ba.

Mu za mu buga namu da wanda ya samu.

Ɗanku mai neman gafara,
Hambali, lamba takwas, Taurarin Bomo