Motar ce ta sha giya

El Alto, ranar Litinin

Zuwa ga Yayana Fermín,

Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ku lafiya, kai da Yaya Nicolasa da yara. Allah ya sa wa ɗinkinku na São Paulo albarka, ya kare muku idanu da baya daga wahalar keke. Mu nan da sauƙi. Gwiwar Mama ta lafa, har ta koma kasuwa da dankalinta. An yi ƙanƙara makon jiya, amma rufin da muka gyara bai yi yoyo ba.

Yaya, raina a ɓace yake, kuma har da kai a ciki. Na zaɓi in rubuta ne saboda a waya katse ni kake yi. An gaya maka an kama ƙaninmu Hilarión yana tuƙi a buge, ka yarda nan take. To ni ina cikin motar, ga abin da ya faru.

Ranar Asabar muka kai sabuwar bas ɗinsa Copacabana a sa mata albarka. Fada, limamin cocin can, ya yayyafa ruwa, matarsa Justina ta ɗaura furanni, sai Kawu Zenón ya girgiza kwalaben giya ya feshe tayoyi da inji da kujeru, yadda aka saba. Da ya ga Hilarión yana ja da baya, sai ya ce wai direba da motarsa jiki ɗaya ne, ba a shayar da jaki a bar mai jaki, ya juye masa ragowar a ka. Kowa ya yi dariya, har ni. Hilarión lemo ya sha da soyayyen kifi. Ka sani sarai tun haihuwar 'yarsa bai sa giya a baki ba.

Da la'asar, bayan mun haye tafki a Tiquina, aka tsayar da mu a wani shingen 'yan sanda. Ɗan sandan yana leƙo kai ya toshe hanci, ya tambaya wai gidan giya ne aka sa wa tayoyi. Na nuna masa furannin, na ce daga sa albarka muke. Ya ce in yi shiru, ba da fasinja yake magana ba. Hilarión da kansa ya roƙi a ba shi na'urar hurawa ta gwajin giya, aka ce batirinta ya mutu. Sai mutumin ya cire hularsa ya ce a hura a ciki, ya sansana, alhali rigar Hilarión jagab take da giya! Daga nan ya sa shi tsayawa da ƙafa ɗaya a gefen titi, kan tsakuwa, a gangare, iskar tafki na kaɗawa. Ƙafar hagu, Yaya. Wadda ta karye lokacin da ya faɗo daga gini, kai ka goyo shi zuwa asibiti. Ya yi tangaɗi mana. Da ya ambaci karayar, ɗan sandan ya ce duk mashayin da ya taɓa kamawa yana da tsohon ciwo. Na ce a kai shi a ɗebi jininsa, aka ce ba motar kaiwa. Suka karɓe lasisinsa. Ranar Alhamis za a yanke ko za a mayar masa ko an soke ke nan, ga bas a ajiye ƙofar gida.

Ka san halina, ba na yarda da kaina. Na yi ta tunanin cewa na bar shi na ɗan lokaci na je sayo kifi, ko a lokacin ya sha. Na duba abin da na rubuta a ranar cikin littafin da nake rubutu kullum, bai ƙara mini komai ba. Don haka jiya bayan coci na fitar da mutane layinmu, inda yake da gangare da tsakuwa, na ce kowa ya ɗaga ƙafa. Ni na fara saukewa. Justina ta dafa bango. Maƙwabcinmu Don Evaristo, fasto, wanda ko warin giya ba ya so, saura kaɗan ya faɗa kwata. Ka san wanda ya tsaya cak kamar zalɓe? Kawu Zenón, da tun safe yake sha! Har waƙa yake yi, yana ce mana ragwaye, wai a kawo masa lasisin tuƙin fasto. Na kai wa lauya wannan, ya yi dariya, ya ce takardar likita kan ƙafar za ta fi amfani, kuma zai tsaya kan cewa ba a auna numfashi ko jini ba. Ya ce akwai fata, amma bai yi alkawari ba.

Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne saƙon muryar da ka turo. Hilarión ya kunna shi a gaban Mama, yana tsammanin jaje ne, sai muka ji kana cewa dama ka san zai koma, mai hali ba ya canzawa, kada a sake kiranka kan maganarsa. Ɗan sanda bai san shi ba, warin riga ya ji. Kai me ka ji daga São Paulo? Ko tambaya ɗaya ba ka yi ba!

Hilarión ya ajiye wayar. Daga baya ya gaya wa Justina cewa in har Yaya ya yarda ya sha, to don wa yake wahalar da kansa. Yau da rana ta same shi zaune a bencin shagon da tsofaffin abokansa suke sha. Hannunsa ba komai. Ta ce ya taso, ya taso. Ban san ko gobe zai taso ba.

Lasisi na lauya ne, ni da shi za mu yi ta fama. Wannan kuwa naka ne. Zan ɗauki hoton takardar nan in turo maka yanzu, don kada ka ce ba ta iso ba. Ka kira shi yau. Kada ka tambaye shi ko ya sha. Ka ce masa ka yi kuskure, da bakinka.

Ka gaishe mini da Yaya Nicolasa, da Wilmer, da auta Delfina. Mama tana gaishe ku. Justina ta ce ba za ta gaishe ka ba sai ka kira.

Ƙanwarka,
Severina