A Tsakiyar Ruwa Kika Faɗa Mini

Zuwa ga Zulma, hasken safiya a kan ruwan Brugge, furen da ya tsiro a tsagin tsohuwar katanga, sanyin idona kuma ciwon kaina,

Gaisuwa mai yawa, amma ba da fara'a ba. Rubutun ya karkace, na sani, hannun da ya saba da shebur bai iya lallashin alƙalami ba. Kada ki yi tsammanin haƙuri na zo bayarwa. Ƙara na kawo. Ke ake ƙara, ke ce kuma alƙali, don ba ni da wani wurin kaiwa.

Haba Zulma! Ke da muryarki ta fi ƙararrawar hasumiya daɗi, ke da yatsunki ke saƙa leshi kamar raɓa a kan yanar gizo, ashe haka kika iya ɗana tarko? Ranar Talata kika ce, "Kamiel, sa rigarka ta coci, yau mu ma baƙi ne masu yawon buɗe ido, za mu ga gari." Ni! Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina yashe laka daga hanyoyin ruwan nan, ni za a nuna wa gari? Amma na bi ki kamar rago. Wanne ne ban yi ba? Na shiga layi bayan masu bin tutar jagoran baƙi kamar 'yan tsaki. Na hau keken doki ina kallon titin da nake bi kullum da ƙafa. Na ci soyayyen dankali a tsaye, a takarda, alhali ga kujera a gida. Na yi mita, kika ce, "Tsohon banza, haɗiye kafin ka yi tsaki."

Kuma wallahi na ji daɗi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da muka tsaya a kan gada iska ta ɗaga furfurarki, sai na ga kamar farar agwagwar ruwa ce ta buɗe fiffike. Na ce a raina, yau dai zan faɗa mata. Tun da muka binne abokan zamanmu nake zuwa shan kofi a ɗakin girkinki, maganar tana maƙale a wuyana kamar ƙayar kifi.

Sai kika ja ni cikin kwalekwalen baƙi. Gwiwata tana gugar ta wani ƙato mai hular rana, matuƙi yana surutu a lasifika da harsunan da ban sani ba. Muna isa bayan gidanki kika kawo bakinki kunnena. Zuciyata ta yi tsalle kamar kifi a koma! Me kika ce? "Kalli tagar can da kyau. Ranar Juma'a zan sa hannu in sayar da gidan. Zan koma wurin 'yata Marleen a Oostende, can bakin teku."

A tsakiyar ruwa, Zulma! Kin san ni. Kin san da a tudu ne, da na ɗaga murya har tantabarun dandali su watse, in buga ƙofa in fita. A kwalekwale ina ƙofar take? Na miƙe, matuƙi ya daka mini tsawa, "Baba, zauna, ga gada!" Na sunkuya dole, kamar yaron da aka kama da laifi. Su kuwa baƙin, da suka ga tsohuwa tana yi wa tsoho raɗa, sai suka hau murmushi suna ɗaukar mu hoto. Yanzu haka hotona yana wata ƙasa mai nisa ana cewa, dubi masoya, alhali a lokacin ake yanka ni ba wuƙa. Da muka sauka na tafi ban waiwaya ba. Na ji kin kira ni. Na ji sarai.

Wa zai saya? Waɗanda za su yanka gidan ɗaki-ɗaki su ba wa baƙi masu jan akwati haya. A tagar da kike zama da matashin da kike saƙa leshi a kansa wani zai shanya rigar wanka! Na san abin da za ki ce. Matakala ta fi ƙarfin gwiwa, maƙwabta sun ƙare, mai burodi ya koma sayar da cakulan. Marleen kuma tana ta cewa, "Mama, in kin faɗi wa zai ɗaga ki?" Wa zai ɗaga ki? To ni gunki ne? Wa ya gyara indararo? Wa ya kwana a kujerar asibiti da aka yi miki aikin ido? Sai an sa lasifika kafin ki gane abin da mutum yake nufi?

To ga shi a rubuce, tunda sai an rubuta. Ki aure ni, ya zumar tsufana, ya inuwar la'asar. Gidana ƙasa ne, ba matakala ko ɗaya. Rufin yana yoyo ta kusurwa guda, zan toshe. Kada ki sa hannun nan. Ki bar ruwan da ya san fuskarki tun kina yarinya ya ci gaba da ganinta.

In kuwa kin kafe, don na san taurin kanki ya fi nawa, to ki ji. Jiya na je wurin Firmin maƙwabcina, wanda ba na ko gaisawa da shi, na tambaye shi ko zai karɓi tantabarun da nake kiwo don tsere. Ba za su zauna a Oostende ba, duk inda aka kai su nan suke dawowa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, na shanye. Ki ce wa Marleen ta nemo mini ɗaki kusa da ke. Na tsani teku, na tsani iskarsa, kuma kullum sai na faɗa miki haka da safe, a kan kofi.

Naki, cikin fushi da ƙauna, har ranar da za a fitar da gawata,

Kamiel