Ciwo Ya Shiga Ruwanmu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, kada ku damu.

Sai dai ciwo ya shiga gonar kifin da nake aiki, magani kuma ya daina ci. Yanzu maigida ya ce mu riƙa ba kifayen garin waken soya da tafarnuwa da ganyen gwaiba, wai suna kashe ƙwayoyin cutar. Kullum da na tashi sai na leƙa ruwan, don in suka mutu, zamana a nan ya ƙare.

Ƙayar wani kifi mai ciwon ta soke ni, hannun dama ya ɗan kumbura har gwiwar hannu. Da hagu na rubuto. A sa ni a addu'a, amma kada Inna ta ji.

Ƙaninka.