Takunkumin Likita

Zuwa ga mahaifina abin girmamawa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta ɗa ga uba, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da ƙannena. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Baba, kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon kiran waya. Wani ibtila'i ne ya afka wa mafi darajar kadarata, wato muryata. Ka san gidan rediyon nan ya ware mu, mu biyu, domin gwaji a makon farko na sabuwar shekara, a ɗauki ɗaya mai karanta labarai. Bisa la'akari da girman al'amarin, sai na duƙufa atisaye, ina karanta tsofaffin jaridu da ƙarfi a banɗakin gidan Yaya, domin a nan amo ya fi fita. Shekaranjiya na buɗe baki, sai ga wani sauti kamar ana jan kujerar ƙarfe a kan siminti.

Likitan maƙogwaro ya leƙa, ya ce jijiyoyin murya sun kumbura, har ƙululu ya soma tsirowa. Hukuncinsa shi ne shiru na mako uku. Na rubuta masa cewa mutum irina ba ya shiga sabuwar shekara da rarrafe. Ya ce in na ga dama in shiga da gudu, amma in shirya ƙarasa ta da nuni da hannu.

Mijin Yaya kuwa abin nema ya samu. Wai ya daɗe yana neman maɓallin kashe rediyon gidansa, ashe a asibiti yake.

Ni dai ban karaya ba, kuma ina da dabara. A gaida Inna, kada a tayar mata da hankali.

Ɗanka, wanda kuke kira Ƙamus.

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso ta bakin Yaya, cewa ko gona akan bar ta ta huta. Na ji, amma Baba, gona ba ta da abokin takara.

Dabarar tawa ta zama musiba. Na ɗauka raɗa ba magana ba ce, don haka na ci gaba da atisaye cikin raɗa, ina ganin na yi wa likita wayo. Da na koma ya duba, sai ya ajiye fitilarsa ya tsura mini ido. Ashe raɗa ta fi magana matse jijiyoyin. Kumburin ya ƙaru. Ya ce muddin na sake tilasta su, sai an yi aiki, kuma bayan aiki babu mai lamunce mini cewa muryar da na sani za ta dawo.

Na nemi shugabar shirye-shirye ta ɗaga gwajin. Amsarta a taƙaice take: labarai ba sa jiran mai mura. Litinin ce ranar, in na zo, na zo.

Tunda an hana ni furuci, sai na zauna na saurari karatuna da na naɗa a waya. Baba, sakamakon binciken bai yi mini daɗi ba. Daga maƙogwaro nake turo magana, ba daga ciki ba. Nakan jero manyan kalmomi a numfashi guda, kafin in kai aya na shaƙe kamar mai hawan tudu da buhu. A makaranta tafi ake yi mini, babu wanda ya ce mini ihu nake yi. Ko da yake ban tabbata na taɓa barin wani ya kai ƙarshen jimlarsa ba.

Duk da haka minti biyar kacal ake buƙata, kuma ina jin sauran murya da za ta iya ɗauka. Yaya ta ɓoye takalmana. Mijinta ya daina zolaya, wannan kuwa ya fi zolayar tayar mini da hankali.

Ka sa ni a addu'a.

Ɗanka, Ƙamus.

Zuwa ga Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyar gida baki ɗaya.

Na je. Da silifas ɗin mijin Yaya na fita. Abokin takarata, wani dogo mai sanyin hali, shi ya fara shiga. Ta gilashi na kalle shi. Kalmominsa na kasuwa ne, amma yana numfashi a inda ya dace.

Sai aka kira ni. Ɗakin a rufe yake ruf, bango duk soso, har bugun zuciyata nake ji. Aka ɗora mini abin ji a kunne, aka miƙo takardar labarai. Shugabar ta ɗaga yatsa daga bayan gilashi, jar fitila ta kama. Na ja numfashi. Na ga jimlar farko, na san yadda zan ƙawata ta. A daidai nan na haɗiyi yawu, na ji kamar ƙaya ta karce ni.

Baba, ban ce uffan ba. Fitilar tana ci, ni ina zaune. Shugabar ta sake ɗaga yatsa, ta ƙwanƙwasa gilashin. Na cire abin kunnen, na ajiye takardar, na dafa maƙogwarona, na rusuna mata.

An ba dogon nan aikin. Da zan fita ta ce a tsakiyar shekara sukan sake gwaji, amma ba ta yi mini alkawarin komai ba. A hanya na yi hawaye, su ma ba da sauti ba.

Tun daga ranar nake hutawa na gaskiya. Ina shan ruwa mai ɗumi, ina koyon numfashi daga ciki kamar yadda likita ya nuna, ina sauraren mutanen gida. Tsare-tsaren shekara na jingine su, sai na san da wace murya zan ƙarasa ta.

Ranar Alhamis likita zai sake dubawa. Ko dai ya ba ni izinin magana, ko ya sa ranar tiyata. Ina roƙonka, ranar nan kada ka bar wayarka a aljihun wata rigar. In ka ga kiran Yaya, to labarin asibiti ne. In kuwa lambata ce, ka ɗauka ka kasa kunne sosai, domin ba zan ɗaga murya ba. Sallama kawai zan yi maka.

A gaida Inna da kyau.

Ɗanka mai biyayya, Ƙamus.