Abin da Bai Kamata Corinne Ta Sani Ba

Broken Bow, Nebraska
Maris

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata gwiwar nan ta bar ka kana barci, kuma ka daina hawa rufin gida kwashe ƙanƙara kamar wani saurayi. Dwight yana gaishe ka, ya ce har yanzu bai yafe maka cinye shi da ka yi a karta ranar bikinmu ba.

To, ga shi nan a akwati, abin da ya hana ni zuwa Kirsimeti. Saniya ake rataya wa a wuya, sai mai garke ya ga inda take a wayarsa, ya kuma sani in ta kwanta ta kasa tashi. Batir ne ya kusa haukata ni, don babu makiyayin da zai tattaro shanu duk wata saboda canjin batir. Sai na sa na'urar ta riƙa barci, ba ta farkawa sai ta kusa da ita ta tashe ta, su miƙa wa juna saƙo har ya isa eriya. Yanzu batir ɗaya yana shekara ya ɗora.

Ƙungiyar makiyayan gundumar nan sun ce suna so. Filin Dwight muka jinginar muka fara, saboda haka kada ka tambaye ni ko ina barci.

Ka buɗe shi a teburinka, ka duba da gilashin nan naka mai kauri, ka gaya mini gaskiya. Kowa a nan yabo yake yi, amma ba su san rediyo ba. Naka nake jira.

Ka ci abinci mai zafi, ba gwangwani kullum ba.

'Yarka,
Corinne

*

Allentown, Pennsylvania
Afrilu

Loretta,

Bayan gaisuwa, da fatan sanyin Erie bai ƙarasa ki ba. Na san za ki ce Harlan bai taɓa rubuto miki ba sai da matsala. Gaskiyarki, yau ma ita ce.

Kin san aikina a Lehmar yanzu. Da, mu muke ƙera rediyo mai aikin tarho. Ni na zana, ke da matan layinki na masana'anta kuka haɗa da dalma, aka kai wa manoman da kamfanin tarho ya ce gonarsu ta yi nisa da ja musu waya. Kin tuna matar nan ta Wyoming da ta kira masana'anta tana kuka, wai karon farko ke nan ta ji muryar ɗanta daga cikin kicin ɗinta? Yanzu kuwa lauyoyi sun cika bene, mu injiniyoyi uku da muka rage muna ƙasa kusa da tukunyar ɗumama gini. Ana sayo kayan wasu kamfanoni a kwali, mu farfasa, mu nemo inda suka yi amfani da dabarar da muke da takardar mallakarta, a aika musu su biya ko a haɗu a kotu. Tun ranar da tsoho Marsh, mai kamfanin, ya ga shari'a ɗaya ta kawo abin da masana'anta ba ta kawo ba a shekara goma, na san ƙira ta ƙare a gidan nan. Na zauna ne don ban san inda zan je ba.

Watan jiya kwalin ya zo da kayan gona. Na ɗauki wani abin wuyan shanu na buɗe, ban ko kalli sunan ba. Ina bin layukan allon, hannuna ya riga kaina ganewa. Dabarar barcin nan ce, wadda na yi daf da a rufe masana'anta, ta ƙarshe da sunana ke kai. Da na juya murfin sai ga sunan kamfanin Corinne.

Ba sata ta yi ba. Lokacin tana makaranta, kuma ban taɓa nuna mata ba. Ta dai bi hanyar da kaina ya bi, shi ke nan.

Na hau bene na gaya musu 'yata ce. Ba su sani ba, tunda sunan mijinta take amfani da shi. Suka karɓe aikin suka ba yaron da ke gefena, sannan wata lauya da ba ta kai Corinne shekaru ba ta zaunar da ni ta karanta mini abin da na riga na sani. Wanda ya taka takardar wani cikin rashin sani, kuɗin haya kawai zai biya. Wanda ya sani ya ci gaba, alƙali na iya ninka masa sau uku. Shi ya sa ake hana injiniyoyi karanta takardun mutane. Ana cewa rashin sani ya fi dare duhu, amma a sana'armu shi ne garkuwa. Kalma ɗaya daga bakina, Corinne ta zama wadda ta sani, kuma za a rantsar da mu duka a tambaye mu. Ninki uku filin Dwight ne gaba ɗaya.

Ana cikin haka sai ga akwatinta a ƙofar gidana da wasiƙa manne a samansa, wai in duba in gaya mata gaskiya. Na mayar da shi yadda ya zo. Ta kira ban ɗauka ba. Ba a hana ni gaishe ta ba, amma na san bakina, Loretta. In na ji muryarta ta ce, “Baba, ka duba?” zan faɗa.

Ke kika riƙe ta ranar baftisma, na san tana kiranki. Don Allah kada ki ce mata komai.

Na gaji ƙwarai. Ki gaida ƙanwarki.

Harlan

*

Erie
Afrilu

Harlan, tsohon banza,

Ina gaisuwa, ko da yake ba ka cancanta ba. Lafiyata ƙalau, in ban da yatsun nan da dalmar Lehmar ta bar mini.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yarinyar da ta yi wayo a ƙarƙashin teburina tana tsintar guntun waya, me kake zato za ta ƙera, kujera? Na karanta wasiƙarka na yi dariya, daga baya na zauna na yi kuka, ban ɓoye maka ba.

Kai har yanzu matar Wyoming kake tunawa. Ni abin da nake tunawa shi ne ranar da aka tara mu a ɗakin cin abinci, aka yanka kek, ɗan Marsh ya hau kujera ya ce kamfani ya shiga sabon zamani. Kafin mu gama lashe cokali an miƙa mana kwalayen kwashe kaya. Dolores, abokiyar aikinmu, ta tambaye shi wa zai riƙa haɗa rediyon, ya ce mata yanzu ilimi za a sayar. Ta ce to a zuba mata kilo ɗaya ta kai wa yara. Ranar na gaya maka ka fito tare da mu, ka ce kai injiniya ne, za a buƙace ka. Ga buƙatar nan ta zo.

Na so in ce ka ajiye aikin ka tafi wurinta, amma na gane. Sunanka ke kan takardar, ko kana ina za su kirawo ka, kuma in aka gan ka a Nebraska za a ce kai ka kai mata. Gaba kura, baya sayaki.

Zan yi shiru. Amma ka sani ba don dabararku ta burge ni ba ne. Jiya ta kira tana tambaya ko ba ka da lafiya ne kake ɓoye mata, na ce ƙalau kake, halinka ne. Ka sa na yi wa yarinyar nan hanya-hanya, kuma ban yafe ba tukuna. Aƙalla ka aika mata kati, ko maganar ruwan sama ce ka rubuta.

Ka kula da kanka, tunda ba wanda zai yi maka.

Loretta

*

Broken Bow
Agusta

Baba,

Ina gaisuwa. Katunanka suna zuwa. Na ji an yi ruwa a Allentown, na ji tumatirinka ya yi kyau, na gode.

Akwatin ya dawo tun bazara, ko tef ɗin ba a taɓa ba. Na ce wa Dwight wataƙila ma'aikatan gidan waya ne. Na kira har na ji kunyar kira.

Makon jiya takardar ƙara daga Lehmar ta iso, da tambarin nan na eriya da ke kan tsohuwar hularka. Lauyanmu ya hana ni buɗe takardar mallakar da aka haɗo da ita, amma ya gaya mini sunan wanda ya yi ƙirƙirar. Harlan Reinert. Ya tambaye ni ko na san shi, na ce ina zaton na san shi.

Ba zan yi maka ihu a takarda ba, ba ni da ƙarfinsa. Abu ɗaya nake so in sani. Na rubuta maka yadda abin yake aiki da hannuna, don kai ubana ne. Wasiƙar ka ɗauka ka hau bene da ita? In haka ne ka faɗa, zan san inda zan ajiye ka. In ba haka ba ne, layi ɗaya ya isa.

Makiyaya sun dakatar da odarsu sai an ga ƙarshen shari'a. An ce za a rantsar da mu a Omaha kafin sanyi, kai ma za ka zo. To, mu haɗu a can.

Corinne

*

Broken Bow
Disamba

Baba,

Gaisuwa. An yi sulhu an sa hannu, lauya ya ce yanzu ina iya rubuta maka abin da na ga dama. Za mu riƙa biyan Lehmar haya a kan kowane abin wuya. Mun sallami mutum biyu, amma filin yana nan.

Ka ga abin da aka yi a ɗakin nan na Omaha da safe, lokacin da kake can ƙarshen tebur kana amsa musu da i da a'a, idonka a kan kofin ruwa. Ba ka ga na yamma ba, bayan an fitar da kai. Lauyar kamfaninku ta baje takardun kiran wayata da katunanka, tana tono. Yaushe na yi magana da ubana? Me ya ce da na aika masa na'urar? Bai taɓa cewa in yi hattara ba, ko da wasa? Na rantse na ce bai ce komai ba, bai ɗauki wayata ba, ya mayar mini da akwati a rufe. Ta sa na maimaita. Ta karanta katin tumatir da ƙarfi tana neman wata ma'ana a ciki, ba ta samu ba. Ita da bakinta ta faɗi cewa a kasuwa suka sayi na'urar, tun kafin wasiƙata ta iso maka.

Da muka fito lauyanmu har rawa yake a cikin lif. Ya ce, “Shirun mahaifinki ne ya cece ku. Da ya yi tari a waya, da yanzu ana auna filin nan.”

Saboda haka na gane, Baba. Anti Loretta ma ta kira ta zage ka tas, sannan ta ce in yafe maka. Na san da ka gaya mini dalilin shirun, da shirun bai yi amfani ba. Wannan ne ya fi cin raina, don na rasa wanda zan yi wa fushi.

Amma akwai abin da lauyar ba ta tambaya ba. Ta ga kira da yawa a rana ɗaya cikin Yuli, ta ga ba a ɗauka ba, ta wuce. Daga asibitin Kearney nake kiranka. Lokacin ina da ciki, ban gaya maka ba don ina so ka ji da kunnenka. Ranar ya zube. Dwight yana can wajen shanu inda waya ba ta kamawa, Mama kuwa tana kabari. Ba maganar rediyo zan yi maka ba. So nake kawai in ji ka ce Corinne.

Ban rubuto don in ɗora maka laifi ba. Ka yi abin da ya kamata, kowa ya faɗa. Na dai gaji da riƙe shi ni kaɗai, kuma kai ne ka rage.

Ka sa rigar sanyi mai kyau, wadda ka zo da ita Omaha ta mutu.

'Yarka,
Corinne

*

Allentown
Disamba

Corinne, 'yata,

Na gaishe ki, na gaida Dwight.

Tun bazara nake ajiye da magana ɗaya ina jiran ranar da za a ba ni izinin faɗa, cewa aikinki ya fi nawa kyau, nesa ba kusa ba. Na zaci ita kike jira. Yanzu na ga ba ita kika nema ba ranar da kika fi nemana.

Ranar ina zaune a kicin, wayar tana gabana a kan tebur, ina kallon sunanki.

Na ajiye aikin Lehmar, na miƙa musu makullin ɗakin ƙasa jiya. Ban san abin da ake faɗa ba, Corinne, shirun ya zame mini jiki. Wasiƙar nan za ta riga ni isowa, don a mota zan zo kuma ba na gudu yanzu. Zan tsaya a gidan mai na bakin gari in kira ki. In ba ki ɗauka ba, zan gane.

Babanki